Ciwon daji: ƙofofi biyar da kowane gida zai iya rufewa

Ciwon daji cuta ce mai ban tsoro. Wasu na kiransa sankara, wasu kuma kansa. A ƙauyukan Damagaram, idan magidanci ya rame, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, sai a ce sammu aka yi masa. Wasu su ce iskoki ne. A sayar da akuya, a sayar da tunkiya, a yi ta bin masu magani. Sai ƙarfi ya ƙare sannan a ɗora shi bisa amalanke a nufi asibiti. Sau da yawa lokaci ya riga ya wuce.

Likitoci sun daɗe suna binciken wannan cuta. Sun gano hanyoyi da dama da take bi ta shiga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce cikin mutum 100 masu ciwon daji, 30 zuwa 50 da an iya tsare su tun farko. Wannan darasi zai nuna ƙofofi biyar da cutar ke shigowa ta cikinsu. Makullinsu yana hannun maigida da uwargida.

Mene ne ciwon daji?

An gina jikin mutum da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu. Suna haihuwa, suna tsufa, suna mutuwa, wasu na maye gurbinsu. Kowace tana bin tsari.

Wani lokaci ƙwaya guda takan lalace. Sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙullutu. Ƙullutun nan yana cinye abincin jiki, kamar yadda ƙuduji ke shanye saiwar gero. In an bar shi, sai ya yaɗu zuwa wasu sassa. Wannan shi ne ciwon daji.

Yana iya kama hanta, ko nono, ko bakin mahaifa, ko mafitsara, ko baki, ko huhu. Ba a ɗaukarsa wajen gaisawa, ko cin tuwo a akushi ɗaya. Ba ya zuwa dare ɗaya. Yakan yi shekaru yana ginuwa a ɓoye, mutum na noma yana zuwa kasuwa bai sani ba. A Nijar, dajin hanta yana cikin waɗanda suka fi kashe maza. Dajin nono da na bakin mahaifa su ne suka fi addabar mata.

Ƙofa ta farko: gujiya mai funfuna

Ƙasar Damagaram ƙasar gujiya ce, wadda wasu ke kira gyaɗa. Magarya, Matamai, Kance, Dungas da Mirya duk sun san albarkarta. A shekara ta 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin sayenta da kai ta ƙasashen waje. Farin 1973 da cutar kuturta ta 1975 suka karya wannan ciniki. Yau yawancin gujiyar da aka noma a gida da kasuwannin kusa take ƙarewa. Ana matsar mai, ana soya ƙuli-ƙuli, ana zuba tunkuza a miya da kwaɗo. Saboda haka lafiyar gujiya ita ce lafiyar iyali.

Gujiya abinci ce mai gina jiki. Matsalar tana wajen wadda ta yi funfuna, wato hunhuna. Akwai wata irin funfuna mai launin kore-kore da ɗorawa-ɗorawa. Tana son zafi da laima. Tana fitar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. Tana kama masara da dawa da busasshen barkono, amma ta fi son gujiya da masara.

An gano wannan guba a shekara ta 1960. A shekarar nan talo-talo kamar 100.000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gujiya aka ba su, wadda aka kawo daga Barazil, kuma ta yi funfuna. A shekara ta 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan guba da yawa.

Guba mai yawa tana kisa cikin kwanaki. Guba kaɗan-kaɗan ita ce ta fi yawa a karkara, kuma ba a jin ta. Kullum tana isa hanta. Hanta ita ce matacin jiki, ita ke tace duk abin da aka ci. Shekara da shekaru gubar na ƙwarzar hanta, har wata rana daji ya tsiro.

Suya ba ta kashe wannan guba. Dafuwa ma ba ta kashe ta. Idan an matse mai, yawancin gubar a cikin tunkuza take zama. Ke nan ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gujiya ya fi haɗari, kuma yara ne suka fi cinsa. Idan an ba saniya ko akuya irin wannan tunkuza, gubar takan fito a cikin nono.

Akwai wata al'ada da ta kamata a bari. Manomi yakan zaɓi kyakkyawar gujiya ya kai kasuwa. Mai baƙi-baƙi da ƙyamusasshiya sai ya bar wa gida, ko ya sayar da ita da araha ga mai yin ƙuli-ƙuli. Ya sami ƴan kuɗi, amma ya ajiye wa ƴaƴansa cuta. Araha ba ta ado.

Abin da aka gwada a ƙasar Gine

A yankin Kindiya na ƙasar Gine an yi wani gwaji a ƙauyuka 20 na manoman gujiya. An buga sakamakonsa a shekara ta 2005. Ƙauyuka 10 suka ci gaba da ajiya yadda suka saba. Sauran 10 aka koya musu ƴan dabaru masu sauƙi: tsince gujiya da hannu, shanya bisa tabarma, busarwa sosai, zubawa a buhun algarara, ɗora buhu bisa katako, da sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane. A ƙauyukan da suka bi dabarun, gubar da ke jikinsu ba ta kai rabin ta sauran ba.

Babu wata dabara cikin waɗannan da ta fi ƙarfin manomin Damagaram. Ga yadda za a yi:

1. A yi shuka da wuri. Gujiyar da fari ya kama a ƙarshen damina ta fi saurin yin funfuna tun tana cikin ƙasa.

2. A cire ta da zarar ta nuna. In ta daɗe a ƙasa, gara na huda kwanso, funfuna ta sami hanya.

3. A kife ta a gona, ƴaƴa sama, ganye ƙasa, don rana da iska su ratsa ta. Kada a tara ta tsibi guda tana ɗanya.

4. Bayan tsiga, a shanya bisa tabarma ko zana. Kada a shanya a ƙasa tsirara. In hadari ya taso, ko yamma ta yi, a kwashe.

5. A tabbata ta bushe. Busasshiyar gujiya tana kaɗawa cikin kwanso in an girgiza ta. In an ciza, sai ta ce ƙas.

6. A tsince. Duk mai funfuna, mai huda, mai baƙi ko ƙyamusasshiya, a ware ta a ƙone ko a binne. Kada mutum ya ci, kada dabba ta ci.

7. Kada a yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi, ko don ta ƙara nauyi.

8. A ajiye ta cikin kwansonta. A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango. A gyara rufin rumbu kafin ruwa ya sauka.

Mai sayen gujiya don yin mai ita ma ta duba tiya kafin ta biya. Wanda ya tauna gujiya ya ji ɗaci, ya tofar.

Ƙofa ta biyu: ƙwayar ciwon hanta

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama cikin hanta. Likitoci na kiranta hepatit B. Wani lokaci tana kawo shawara, wani lokaci ba ta nuna komai. Ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar, suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Ita ce babbar uwar dajin hanta. Idan ta haɗu da gubar funfuna a jikin mutum guda, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa.

Tana bin jini. Uwa na iya ba jaririnta wajen haihuwa. Yara na ɗauka a junansu ta hanyar ƙuraje da gyambo. Ana ɗauka ta aska, ta reza, ta allurar da aka yi wa wani, da kuma wajen saduwar mace da namiji. Ba a ɗauka ta gumi, ko ta shan fura a ludayi ɗaya. Don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Jariri ya fi kowa shiga haɗari. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kamar 9 ƙwayar za ta zauna jikinsu har girma. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yakan kore ta.

Wannan cuta tana da allurar riga-kafi. Tun shekara ta 2008 Nijar ta sa ta cikin alluran yara. Tana cikin allurar nan guda mai tsare cuta biyar. Ana yin ta sau uku: a sati na 6, da na 10, da na 14 bayan haihuwa. Sau ɗaya ko biyu bai isa ba. OMS ta ce ya fi kyau a ƙara wata tun ranar haihuwa, kafin awa 24 ta cika. Wannan dalili ne babba na haihuwa a gidan likita. Uwa ta adana karnen yaro. Uba kuma ya riƙa dubawa, tunda yanzu ya iya karatu.

Wanzami yana da babban aiki a nan. Askar da ta yi wa wani aski, ko kaciya, ko ƙaho, ko tsaga, kada ta taɓa wani sai an wanke ta an tafasa. Abin da ya fi, kowa ya zo da sabuwar rezarsa. Allura kuwa a bar wa malamin asibiti, kada a yarda da ta ɗan tebur ko mai yawo kasuwa-kasuwa.

Ana gane mai wannan ƙwaya ta awon jini. Mace mai ciki ta nemi a yi mata wajen awon ciki. Wanda aka samu da ita kada ya yanke ƙauna. Akwai ƙwayar magani da ake sha kullum, tana danne cutar, tana kare hanta. Likita ne zai faɗi wanda ke bukatarta.

Ƙofa ta uku: taba da giya

A shekara ta 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka nuna cewa sigari na kawo dajin huhu. Cikin hayaƙin taba akwai abubuwa wajen 70 masu haddasa daji. Taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya. Cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sha ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Maigidan da ke busa sigari cikin ɗaki, da shi da matarsa da jaririnsa suke sha.

Wasu na cewa tabar gari ba ta da laifi tunda babu hayaƙi. Kuskure ne. Tabar da ake haɗawa da kanwa a dasa a baki tana kawo dajin baki da na maƙoshi. Lofe da shishar da samari ke sha a gari duk kanwar ja ce.

A ranar 15 ga watan Mayu na 2006 Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba. Dokar ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa yara. Amma doka ba ta shiga ɗakin kowa. Mai sha shi zai yanke shawara. Wanda ya bari, bayan shekara 10 haɗarin dajin huhu gare shi yakan ragu da kamar rabi. Ko tsoho ya bari ya ci riba.

Giya kuwa kai tsaye hanta take nufa. Burkutu da ta kwalba duk ɗaya ne. Tana kawo dajin hanta, na baki, na maƙoshi, na hanji da na nono. Mai ƙwayar hepatit B da ke shan giya yana zuba wa wuta kananzir.

Ƙofa ta huɗu: ruwan tapki

Da damina tapkuna na cika. A kwarin Korama da wajen Gidimuni akwai ruwan da ke kai wa rani. Yara na wanka, mata na wanki, masu lambu na ban ruwa. A irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya.

Mai tsargiya in ya yi fitsari a tapki, ƙwan tsutsa na fita tare da shi. Tsutsar ta shiga jikin ƴar katantanwa ta girma. Daga nan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Sai ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Shi ya sa yaro ke fitsarin jini.

Wasu iyaye na ɗauka jan fitsari alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne. In ya shekara da shekaru ba magani, mafitsara na iya yin daji. Maganinsa ƙwaya ce da ake sha lokaci guda, gwargwadon tsawon mutum. Tun shekara ta 2004 Nijar ta fara rabon wannan magani a makarantu da ƙauyuka. Ranar rabo, a ba yaro abinci ya ci, sannan a tura shi. A hana fitsari da bahaya a bakin tapki. A gina salga. Inda akwai rijiya ko famfo, a yi wanka da ruwansu.

Ƙofa ta biyar: abin da ya shafi mata

Dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi. Ana ɗaukarta wajen saduwa. Namiji na iya ɗauke da ita bai sani ba, ya kawo wa iyalinsa. Mijin da ya tsare kansa ya tsare matansa. Yarinyar da aka aurar tun jikinta bai yi ƙwari ba ta fi shiga haɗari. Haka ma macen da ta yi haihuwa da yawa kusa da kusa.

Wannan daji yana yin shekara 10 ko fiye kafin ya nuna kansa. Kafin nan, ungozomar asibiti na iya ganin tabonsa ta wani ɗan awo na minti kaɗan, a kuma kashe shi tun bai zama daji ba. An fi son mace mai shekara 30 zuwa 49 ta yi awon ko ba ta jin ciwon komai. Miji ya ba da izini, ya ba da kuɗin mota. Akwai kuma allurar riga-kafi ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Maƙwabciya Najeriya ta fara yin ta a watan Oktoba na 2023, har da Kano da Jigawa.

Shayarwa tana rage haɗarin dajin nono. Gwargwadon daɗewar shayarwa, gwargwadon kariya. Al'adar ba yaro nono har shekara biyu abin riƙewa ce. Kowane wata mace ta shafa nononta da hammatarta. In ta ji ƙullutu, ko da ba ya zafi, ta je asibiti. Kada a tsaga, kada a ɗaura magani a zauna jira.

Tukunya da ƙafa

Abincin karkara yana da kariya a cikinsa. Gero, dawa, wake, zogale, yakuwa, rama, kuka, kabewa da tumatir duk suna taimakon hanji. Noma, daka da tafiya a ƙasa suna hana ƙiba. Ƙiba mai yawa tana cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji, na nono da na mahaifa. Wanda ya koma birni ya zauna a shago, ko'ina sai bisa babur, ga shayi mai sukari, ga lemun kwalba, ya kamata ya yi hattara. Ya rage zaƙi da maiƙo, ya riƙa taka ƙafa ko da rabin awa a yini.

Alamun da ba a jira da su

Rufe ƙofofin nan yana rage haɗari ƙwarai, amma ba ya kawar da shi duka. Wani yakan kiyaye komai, cutar ta same shi. Saboda haka ba a zargin marar lafiya. Abin da ake so shi ne a gane da wuri. Ga alamun:

Ƙullutu a nono, a wuya ko a wani wuri, wanda ke ƙara girma.

Gyambo a baki ko a fata da ya ƙi warkewa.

Jini ga mace ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke.

Jini a fitsari ko a bahaya.

Tari ko dushewar murya fiye da sati uku.

Rama ba dalili, ko ciwo da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A shekara ta 2021 aka buɗe sashen ƙona daji da haske a can. Dajin da aka tara tun yana ƙarami sau da yawa yana warkewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don tattaunawa a makaranta

1. Me ya sa suya ba ta gyara gujiya mai funfuna?

2. Yaya manomi zai gane gujiyarsa ta bushe?

3. Me ake yi da gujiyar da aka tsince a wannan ƙauye? Me ya kamata a yi da ita?

4. Sau nawa ake yi wa jariri allurar da ke tsare hanta? A wane sati da wane sati?

5. Wace shawara za a ba wanzamin gari?

Lissafi

Wani magidanci yana shan sigarin dala 40 kowace rana. Dala 200 ita ce jika guda. Jika nawa yake ƙonawa a kwana 30? Jika nawa a wata 12? Tiya nawa ta gero wannan kuɗi zai saya a kasuwar wannan mako?

Kowane ɗalibi ya karanta wa mutanen gidansa wannan darasi. Kafin kaka ta zo, ya duba rumbunsa, ya tanadi tabarmar shanya, ya buɗe karnen yaransa ya ga ko allura uku sun cika.